Mamaci a Kan Doki: Nazarin Dutsen Kabarin Dekisiliyos

A maƙabartar Keramaikos ta birnin Atina akwai wani allon marmara da aka sassaƙa domin tunawa da Dekisiliyos, barde ɗan shekara kusan 20, wanda aka kashe a yaƙin Koranti a shekara ta 394 kafin Miladiyya. Masassaƙin ya fito da shi bisa doki mai tsaye da ƙafafun baya, mayafinsa na kaɗawa, ya ɗaga hannu zai soki abokin gaba da ya durƙushe a ƙarƙashin dokin. Rubutun da ke ƙasan allon na shaida cewa saurayin ya mutu a fagen fama, amma hoton da ke sama yana nuna shi yana kisa.

Wannan saɓani shi ne mabuɗin fahimtar aikin. Masassaƙin bai yi nufin ba da labarin abin da ya auku ba. Ya ari tsayuwar jaruman almara da Girkawa suka saba gani a bangon haikalinsu, ya ɗora wa wani saurayi sananne. Bayan shekara 40 da 'yan kai, an yi irin wannan aro a babban kabarin Mausolus, mai mulkin Kariya, wanda ya rasu a 353. A jikin ginin, a garin da yau ake kira Bodrum a Turkiyya, an sassaƙa Girkawa, har da Herakilis, suna gwabzawa da Amazon, mayaƙa mata na almara.

Dalilin aron yana cikin aƙida. A tsohuwar fahimtar Girkawa, yawancin matattu suna komawa Hades, inda suke zama tamkar inuwa. Abin da ya rage wa mutum na dawwama shi ne sunansa a bakin rayayyu, don haka dutse ya ɗauki nauyin tsare sunan.

Gwanintar aikin ba abin musu ba ce, sai dai ta ɓoye abu biyu. Ta ɓoye zafin rashi, domin babu alamar makoki a allon. Ta kuma ɓoye matsayin dukiya, domin sai gida mai hali ke iya sayen irin wannan suna. Talakan da ya faɗi a rana ɗaya da Dekisiliyos ya tsaya ga kabarin haɗaka da hukuma ke tanada. Wajen shekara ta 317 ne Dimitiriyos na Faleron ya hana ƙawata kaburbura a Atina.

Ya kamata mai nazarin addinai ya karanta irin wannan allo a matsayin shaidar abin da al'umma ta yi tsammani bayan mutuwa, da abin da ta ji tsoron rasawa.