Kalma Ɗaya a Ajin Adabi: Yadda Muka Karanta "Munyal" a Garwa

Littafin nan na Djaïli Amadou Amal yana da suna biyu. Da ya fito a Yawunde a shekarar 2017, sunansa Munyal, les larmes de la patience, watau haƙuri da hawayen da ke tattare da shi. Da aka yi masa gyara aka sāke buga shi a Faris a 2020, sai aka kira shi Les Impatientes, watau matan da haƙurinsu ya ƙare. Da sunan nan na biyu ya ci kyautar Goncourt ta 'yan makarantar sakandare a watan Disamba na wannan shekara. Wannan kyauta, wadda aka kafa a 1988, ɗalibai ne alƙalanta: yara wajen dubu biyu a makarantun Faransa su kan karanta littattafan da aka zaɓa, su yi muhawara, su jefa ƙuri'a. Ashe tsararrakinmu ne a wata ƙasa suka ɗaga littafin 'yar Marwa har duniya ta gan shi. Mu kuwa a Garwa, tafiyar 'yan sa'o'i a mota daga garin da labarin ya faru, mun karanta shi a ajin adabi domin jarrabawa. Abin da nake so in duba shi ne bambancin karatun nan biyu, da abin da ya ɓace a hanya sa'ad da aka cire kalmar "munyal" daga bangon littafin.

Ga wanda bai karanta ba, labarin ba shi da wuyar bi. Mata uku ne suke magana, kowace da bakinta, ɗaya bayan ɗaya. Ramla yarinya ce mai shekara 17, tana da ƙoƙari a makaranta, burinta ta zama mai haɗa magunguna, tana kuma da saurayi, Aminu, wanda take so. Sai aka ba da ita ga wani attajiri, Alhaji Isa, mai shekara kusan hamsin. Hindu 'yar'uwarta ce, ubansu ɗaya, an kuma ɗaura musu aure rana ɗaya. Ita aka ba ɗan'uwanta Mubarak, mashayi mai dūkan mata. Ta uku ita ce Safira, uwargidan Alhaji Isa, wadda ta yi shekara ashirin ita kaɗai a gidan kafin a kawo mata Ramla. Dukansu uku, duk ƙofar da suka buga, amsa ɗaya suke samu daga uba da uwa da gwaggo da kawu: munyal.

Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar ƙamus a nan. Munyal shi ne haƙuri. A wurin Fulani yana cikin ginshiƙan pulaaku, tare da kunya da hankali. Faransanci yana da kalmar "patience", ita ce kuma littafin ya yi ta amfani da ita, amma nauyinta bai kai ba. A kunnen Bafaranshe, galibi jira take nufi, irin na wanda ke tsaye a tasha mota ba ta zo ba. Dubi kuwa aikin da haƙuri yake yi a bakinmu. In an yi rasuwa, "sai haƙuri" ta'aziyya ce. In ka taka ƙafar mutum a babbar kasuwar Garwa, "yi haƙuri" neman gafara ne. In almajiri ya tsaya a ƙofa ba ka da abin ba shi, "yi haƙuri" sallama ce. In mai bin ka bashi ya zo, roƙon lokaci ne. In kuwa mace ta yi yaji ta komo gidan ubanta da kumburarriyar fuska, aka ce mata "ki yi haƙuri", to, wannan umarni ne, ma'anarsa ɗauki ƙunshinki ki koma. Kalmar da ake rarrashin maraya da ita, da ita ake rufe bakin wadda aka zalunta, kuma da murya iri ɗaya. Shi ya sa Hindu ba ta da yadda za ta yi gardama. Wa zai tsaya gaban iyayensa ya ce shi ba ya son haƙuri, alhali tun yana goye yake ji ana cewa haƙuri maganin zaman duniya?

A ganina, a nan ne gwanintar marubuciyar take. Ba ta kawo wata kalma daga waje ta yi wa al'ada shari'a da ita ba. Ta ɗauki kalmar gida, wadda kowa yake girmamawa, ta yi ta maimaita ta a bakin mutane dabam dabam har mai karatu ya fara jin ɗacinta. Tun daga farkon littafin, inda uba da 'yan'uwansa suka zaunar da amaren biyu suna jero musu gargaɗin zaman aure, za ka lura kusan dukan nauyin a kan matar aka ɗora shi. Duk wanda ya taɓa zama a wurin da ake yi wa amarya faɗa kafin a kai ta ɗaki ya san wannan murya. Sunan da aka sa wa littafin a Faris kuwa ya riga ya yanke hukunci tun daga bango: ga mata masu tawaye. Sunan Yawunde ya fi gaskiya, gama a cikin ukun nan babu wadda ta tashi da nufin tawaye. Kowace ta gwada haƙurin da aka ce ta yi, iyakar ƙarfinta.

Sassan uku ba su yi daidai da juna ba. Na Ramla shi ne 'yan ajinmu suka fi so, watakila domin ita ma 'yar makaranta ce, amma ni shi na ga ya fi rauni. Sau da yawa Ramla takan yi magana kamar wadda ta riga ta san darasin da ake so mu koya, har ka ji muryar marubuciyar ta danne ta yarinyar. Ba abin mamaki ba ne, gama ita kanta Amal, wadda aka haifa a Marwa a 1975, an aurar da ita tana da shekara 17 ba da sonta ba. Sashen Hindu yana da wuyar karantawa saboda abin da ke ciki, tun daga daren farko har zuwa inda hankalinta ya gushe, danginta kuwa suka ce aljanu ne. Ranar da muka kai wurin, ajin ya yi tsit.

Safira ce ta fi zama mutum. Ita ba tsarkakakkiya ba ce. Ta bi malaman tsibbu, ta kashe dukiya, ta ƙulla makirci, duk domin ta kori yarinyar da ba ta ma roƙi a kawo ta gidan ba. Mai karatu ya riga ya shiga zuciyar Ramla a sashe na fari, sai ga shi a sashe na uku an zaunar da shi a ɗakin kishiyarta, yana jin tsoron mace mai 'ya'ya wadda ta ga shekara ashirin na ranta suna zubewa. Ba ka iya ƙin ta, ba ka kuma iya wanke ta. Da Ramla ta bar gidan, Safira ba ta ci riba ba, gama maigidan ya sāke kawo wata. Wannan sashe shi ya hana littafin zama wa'azi kawai. Da ma an yi wa mazan labarin irin wannan adalci. Mubarak mugu ne tun daga shafin da ya shigo har ya fita, uban yaran kuma kusan dutse ne. Na san iyaye maza da suka aurar da 'ya'yansu haka, ba don rashin ƙauna ba, sai don tsoron bakin dangi, ko bashi, ko gudun abin kunya. Irin wannan uba ya fi ban tsoro, domin shi ne muke gaisawa da shi kowace safiya, littafin kuwa bai ba shi wuri sosai ba.

Akwai wani tarko da ke jiran mu Kirista musamman. Gidan da ke cikin labarin na Fulani Musulmi ne, masu arziki, a Marwa. A Garwa, inda aji ɗaya yake haɗa Bafulatani da Bahaushe da Fali da Gidar da Tupuri da Mundang, yana da sauƙi ɗalibi Kirista ya jingina da kujera ya ce wannan matsalarsu ce. Na ji an faɗi haka a fili. Amma ita marubuciyar Musulma ce, ba kuma addininta ta kai ƙara ba, sai yadda ake fakewa da addini da al'ada a danne mace. Mu kuwa da ba mu yin mata huɗu, ba mu san haƙurin nan ba? Matar da ta kai kukan dūka wurin dattawan ikkilisiya, ko wurin shugabannin zumuntar mata, sau nawa ake sallamarta da kalmar da aka sallami Hindu da ita, a ƙara mata da aya? Yarinyar da aka cire daga makaranta domin kuɗin aurenta ya biya wa wanta nasa auren, ba a gidajen da ake zuwa sujada ran Lahadi ba ta nan? Dokar laifuffuka ta Kamaru ta 2016 ta hana auren dole, ta kuma hana aurar da wanda bai kai shekara 18 ba, ba ta kuwa tambayi addinin kowa ba.

To, me ajin adabi ya yi da duk wannan? Ya koya mana abin da aka kafa shi ya koyar, kuma ba na raina shi. Mun koyi yadda ake ɗaukar ɗan yanki na littafi a warware shi: wa ke magana, wane lokaci aka yi amfani da shi, ina aka maimaita, ina aka yi kwatance. Mun koyi tsara muhawara da gabatarwa da sassa da kammalawa, yadda masu duba takardun Bakaloriya suke so. Wannan horo ya sa na ga abin da dā ido na tsallakewa, misali cewa da mutum na uku ne ya ba da labarin, ba matan da kansu ba, da Safira ta zama muguwar kishiyar tatsuniya kawai. Sai dai duk aikin cikin Faransanci ake yinsa, kuma a takardar amsa babu gurbin abin da muka sani tun daga gida. Ɗalibin Faris yana bukatar a bayyana masa mece ce daada-saare, watau uwargida, da walaande, watau ranar girki, ya kuma sami bayanin a littafin. Mu da muka san su kamar tafin hannu, sai mu rubuta cewa marubuciyar ta sa kalmomin gida domin ta ba labarin ƙamshin wurin, mu sami maki, mu wuce. Abin da muka fi kowa sani game da littafin, watau fuskoki biyar ko shida na haƙuri, a bakin ƙofa muke barinsa tare da takalma.

Wannan ba sabon abu ba ne a adabin Kamaru. A Une vie de boy na Ferdinand Oyono, wanda ya fito a 1956, an ce yaron nan Toundi da harshen Ewondo ya rubuta littafin tarihin ransa, mai ba da labari ne ya juya shi zuwa Faransanci. Ko a ƙagaggen labari ma sai an fassara mu kafin a ji mu. Dokar ilimi ta 1998 ta yi maganar ɗaukaka harsunan ƙasa, amma manyan jarrabawa da Faransanci ko Turanci ake rubuta su. Da yawa cikinmu da suka iya karanta harshensu, a majami'a suka koya, gama cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, na Fulfulde kuma a 1983. Mun iya karantawa, amma ba a taɓa ce mana mu rubuta shafi ɗaya na ra'ayinmu da waɗannan harsuna ba, balle a ɗauki jan alƙalami a gyara.

Shi ya sa nake so a riƙa aza Munyal kusa da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a Kano a 1990. Ita ma an aurar da ita tun tana yarinya, ta koyi karatu daga baya a ajin manya. Labarinta na Rabi ne, wadda mijinta ya saka ya kora da 'ya'ya tara bayan ya auro wata, ta yi ta sayar da abinci tana riƙon su, har kasuwa ta yi gobara dukiyarsa ta ƙone, sa'an nan aka matsa mata ta koma. Damuwar littattafan biyu kusan ɗaya ce. Amma Balaraba da Hausa ta rubuta, a ɗan littafi mai araha da ake sayarwa a kasuwa, mata suna aron sa gida gida, wadda ta iya karatu tana karanta wa wadda ba ta iya ba. Sai a 2012 aka fassara shi zuwa Turanci, bayan masu shi sun daɗe da cinye shi. Na Amal ya bi hanyar da ta saɓa: ya kai Faris, an fassara shi zuwa harsuna da dama, amma a arewacin Kamaru, inda 'yan mata da yawa ba su kai ajin da ake karanta irin wannan littafi ba, Ramla ce kaɗai cikin matan uku za ka tabbata ta iya zama ta karanta shi daga farko har ƙarshe. Hindun da ke unguwanninmu sai dai wani ya ba ta labari, da Fulfulde ko da Hausa, in ya ga dama.