Jiragen Mali a Ajin Hausa: Tarke kan Amfani da Tarihin "Da A Ce"

Akwai wani labari da ya dace masu tsara manhajar Hausa su auna kafin su shigar da shi darasin karatu da auna fahimta, musamman a makarantun unguwannin Hausawa na Abakpa Nike a Inugu, da na Anaca da Fatakwal. Shi ne labarin sarkin Mali da ya shiga Tekun Atalantika bai dawo ba.

Asalinsa littafin Masalik al-Absar ne na al-Umari, wanda ya rasu a 1349. Ya ruwaito cewa da Mansa Musa ya sauka Alƙahira a 1324, ya ba da labarin wanda ya gada: ya tura jirage 200 ɗauke da mutane, da wasu 200 na guzuri, su gano iyakar teku. Ɗaya kaɗai ya komo. Daga nan sai ya haɗa jirage 2,000 ya tafi da kansa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Iyakar ruwayar ke nan. Ko sunan sarkin ba ta ambata ba. "Abubakar na Biyu" da ake kiransa ya samo asali ne daga kuskuren fahimtar jerin sarakunan da Ibn Khaldun ya kawo, kamar yadda Nehemia Levtzion ya nuna a 1963.

A kan wannan ruwaya da wasu hujjoji Ivan Van Sertima ya gina They Came Before Columbus (1976), inda ya yi da'awar cewa 'yan Afirka sun riga Kolombus isa Amurka. Littafin yana da daɗin karatu, kuma ya mayar da martani ga masu cewa Baƙar fata ba shi da tarihi. Amma ya mai da mai yiwuwa tabbatacce. Gaskiya ne igiyar ruwa takan kwashi jirgi daga gaɓar Afirka zuwa yamma. Thor Heyerdahl ya gwada haka a 1970 daga Maroko zuwa Barbados. Sai dai yiwuwar tafiya daban, isa daban. Masu haƙar kufai ba su tono wani kayan Mali na wancan zamani a Amurka ba.

Duk da haka, ra'ayinmu shi ne kada a jefar da labarin. Hausa ta bambanta sharaɗin da ka iya faruwa ("in ya zo, za mu tafi") da wanda bai faru ba ("da ya zo, da mun tafi"), kuma yaron da ke juya Hausa da Ibo da Burokan a yini guda yana buƙatar a zaunar masa da wannan bambanci. Sai malami ya karanta ruwayar da sigar shuɗewa, sannan ya tambaya: da jiragen sun dawo, da zinariyar Mali ta karkata bakin teku, da Wangarawa sun iso Kano a zamanin Sarki Yaji (1349–1385)? Tambayar tana da ma'auni, domin bayan Fotugis sun gina Elmina a 1482, wani kaso na zinariyar ya bar hanyar Sahara ya nufi teku.

Inda muke da ƙorafi shi ne yadda akan taƙaita fatauci ga raƙumi da jaki da madugu. Ɗan Anaca kullum yana ganin kwalekwale a Kogin Kwara, hanyar da Nufawa da Kakanda suka daɗe suna safara a kanta. Ɗan Abakpa Nike kuwa garinsa ya bunƙasa ne da kwal da layin dogon da ya haɗa Inugu da tashar jiragen ruwa ta Fatakwal a 1916. Ya kamata rubutun insha'i ya taso daga nan: da ba a shimfiɗa dogon ba, ta wace hanya shanu da wake za su riƙa isa Inugu? A wajen ba da maki kuma, a ware kaso na musamman ga ɗalibin da ya nuna a fili inda ruwaya ta tsaya da inda hasashensa ya fara.