Littafin Labarin Gino Watkins

'Yan makaranta, ga wani littafi da J. M. Scott ya wallafa a 1935, labarin Gino Watkins, Baturen Ingila, matuƙin jirgin sama. Shi ya shugabanci ayarin da ya tafi ƙasar ƙanƙara ta Girinlan a 1930, neman hanyar jiragen sama. A 1932 ya fita farauta can shi kaɗai cikin ɗan kwalekwale. Aka tsinci kwalekwalen, ba a ga gawarsa ba. Shekarunsa 25.

Scott abokin tafiyarsa ne, tare suka sha sanyi, shi ya sa labarin ke ratsa jiki. Amma fa so hana ganin laifi. In kun karanta, ku auna da kanku: fitar nan shi kaɗai, jaruntaka ce ko ganganci?