Jinjina ga Maginan Dutse na Kelso

Garin Kelso, da ke kudu maso gabashin Sikotilan a mahaɗar kogunan Tweed da Teviot, yana da dandalin kasuwa da aka daɓe da ƙananan duwatsu, inda har yau ake ganin alamar wurin ɗaure bijimai a ranakun kasuwa, a gaban zauren majalisar gari na 1816. Kusa da nan akwai kangon gidan ibadar sufayen Kirista da Sarki Dauda na Ɗaya ya kafa a 1128, wanda sojojin Ingila suka ragargaza a 1545.

Yabon gwani ya zama dole, domin abin da ya tsira daga yaƙi, magina ne ke tsare shi daga ruwa da sanyi. Sukan ƙwaƙule kwaɓin da ya rugurguje tsakanin duwatsu, su cusa sabo na yashi da farar ƙasa, wato garin dutsen da aka ƙona, saboda shi yana barin danshi ya fita, alhali siminti kan kulle shi har dutsen ya fara marmashewa. Mafi ingancin aikinsu shi ne wanda ido bai gane an taɓa ba.