Kisan Kai a Labaranmu: Ina Aka Baro Maganar Zaɓi?

Mu Hausawan Gadarif muna karanta littattafan da ke fitowa daga Kano, muna kallon finafinanta, kuma akwai wani gurbi da na daɗe ina gani a cikinsu. Duk labarin da aka yi wa yarinya auren dole ta kashe mijin, marubuci kan ɓata babi goma a kan kukanta, amma zaman kotu shafi ɗaya ne. Alƙali ya tambaya, "Ke kika kashe shi?" Ta ce e, sai hukunci. A ganina nan ne labarin ke mutuwa, domin tambayar da shari'a ta fi nauyaya ita ce: da zaɓinta ta aikata, ko kuwa an toshe mata kowace ƙofa?

Dokar laifuka ta Sudan ta 1991 ta fara ne daga nan. Sashe na 8 ya ɗora alhakin laifi a kan baligi mai hankali wanda ya aikata bisa zaɓinsa. Sannan ta raba kisa gida uku: na ganganci a sashe na 130, mai kama da ganganci a na 131, na kuskure a na 132. Mashhurin zancen Malikiyya da muka taso a kai gida biyu ya sani, ganganci da kuskure. Wannan gida na tsakiya kuwa, inda tsokana mai tsanani da wuce iyaka wajen kare kai suke, shi ne taskar da marubutanmu suka bari a rufe.

Dubi shari'ar Nura Husaini. An ɗaura mata aure ba da sonta ba, ta ce dangin mijin sun danne ta ya yi mata fyaɗe, da ya sake yunƙuri ta daɓa masa wuƙa. A watan Mayun 2018 kotu a Omdurman ta yanke mata hukuncin kisa. A watan Yuni kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi ɗaurin shekara biyar da diyyar fam 337,500. Wuƙar ba ta canza ba, gawar ba ta canza ba. Abin da ya canza shi ne yadda aka auna zaɓinta. Haka a jihar Kano, Wasila Tasi'u mai shekara 14, wadda aka tuhuma da sa wa mijinta guba a 2014, an janye ƙararta a 2015.

Ba ina kiran a wanke mai kisa ba ne. Ita kanta dokar ba ta yarda tilas ya halatta ɗaukar rai ba, kuma mamacin ma ɗan wasu ne. Kirana ga marubuta shi ne su daina yanke hukunci tun kafin a shiga kotu. Su bar mai gabatar da ƙara ya kawo hujja mai ƙarfi, lauyan da ke kare ta ya kawo tasa, mai karatu ya kwana yana aunawa. Wanda ya karanta irin wannan labari, gobe idan aka zo ɗaura wa ƙanwarsa auren da ba ta so, zai yi magana.