Ma'aunin Aro da Bakin Yaron Kahu: Sharhi Kan Gwajin Furucin Ƙananan Yara

Masana sun daɗe da yarda cewa taimakon da ake yi wa yaro mai matsalar magana ya fi amfani in an fara shi da wuri. Binciken da Yoshinaga-Itano da abokan aikinta suka buga a 1998 ya nuna cewa jariran da aka gano rashin jinsu kafin wata 6 sun fi waɗanda aka gano daga baya ƙwarewa a harshe. Wannan maƙala ba ta ja da haka. Abin da take tuhuma shi ne ma'aunin da za a auna bakin yaron da shi, musamman yaron ƙauye irin na Kahu, cikin ƙaramar hukumar Kibiya, kusa da Rano.

Iyayen irin wannan yaro suna da kalmominsu na bayyana larura: in'ina, da tsamin baki, da nauyin baki, da bebantaka. Sun kuma san gwaranci, watau maganar da ba ta nuna ba tukuna. In abin ya dame su, wanzami ne na farko, domin ana zaton linzamin harshe ne ya ɗaure magana. In aka dace suka dangana da asibiti a Kano, to, a nan batun ma'auni yake tasowa, saboda fitattun gwaje-gwajen wannan fanni don masu jin Ingilishi aka tsara su.

A ɗauki gwajin Goldman da Fristoe, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1969. Ana nuna wa yaro hotuna ya faɗi sunayensu, mai gwaji yana saurarar kowane baƙi a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe. Dabara ce mai kyau, amma an gina ta ne a kan tsarin sautin Ingilishi. Can p da f baƙaƙe biyu ne masu bambanta ma'ana. A Hausa kuwa ɗaya ne, har ma yakan koma h kafin wasalin u ko o, kamar a fuɗu da huɗu. Yaron da ya yi haka bai yi kure ba, bakin gidansu ya ɗauko. Haka nan mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, saboda haka sashen baƙin ƙarshe kusan ba shi da abin aunawa.

Mafi muni shi ne abin da gwajin ba ya ji sam. Ba ruwansa da tunkuɗau da haɗiyau, watau ƙ da ts da ɓ da ɗ, alhali su ne suke raba baƙi da baki, ƙafa da kafa, ɓata da bata. Bai san ra-gare da ra-kaɗe ba, waɗanda Bargery (1934) ya kula da su a ƙamusunsa, waɗanda kuma suke raba bara ta almajiri da bara na sarki. Bai san tsawon wasali ba, mai raba garin tuwo da garin Rano, balle karin sauti, mai raba kukan jariri da kukar miya. Fassara ba za ta gyara wannan ba. In aka juya sunan hoto zuwa Hausa, sautin da aka sa hoton dominsa ya tafi ke nan. Sakamakon kuwa biyu ne, kowanne da cutarwa: a laƙaba wa lafiyayye larura, ko a sallami mai larura a ce lafiyarsa lau, har lokacin taimako ya wuce.

Jerin kalmomi na MacArthur (1993) ya fi kusa da bukata, domin iyaye yake tambaya kalmomin da yaro yake ji da waɗanda yake faɗa, kuma masu shi sun nace cewa a sake gina shi a kowane harshe, kada a fassara. Duk da haka akwai tambayar wanda za a tambaya. Littafin Baba ta Karo na Mary Smith (1954) ya bayyana kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta sakin jiki da shi a gaban mutane. Al'adar ta yi sauƙi, amma ba ta mutu ba. Mai gwajin da ya tsare irin wannan uwa da tambayoyi zai iya ɗaukar kawaicinta a matsayin rashin kula, ga kaka da 'yar raino a gefe, su da suka fi kowa sanin bakin yaron. Sa'an nan akwai gidajen Fulani a yankin, inda yaro yake tasowa da harshe biyu. In aka ƙirga kalmominsa na Hausa kaɗai, an ƙirga rabin dukiyarsa ne.

Tun 1988 akwai dokar da ta kafa hukumar rajistar masu aikin gyaran magana da ji a Nijeriya, amma rajista ba ta samar da ma'auni. Wannan aiki ne da ya hau kan masana harshe tare da masu gyaran maganar, kuma Jami'ar Bayero tana da duka sashen harsunan Nijeriya da na ilmin musamman. Abin da ake bukata da farko shi ne a naɗi maganar yara lafiyayyu 'yan shekara 2 zuwa 5, a birni da ƙauyuka irin Kahu, a tabbatar da shekarun da yawancinsu suke iya raba ƙ da k.