Dila Ta Fito, Lebura Ba Suna

Tsofaffin hotunan Funtuwa da ake yaɗawa a Facebook kusan abu ɗaya suke nunawa: injin gurzar auduga, diloli a jibge, da layin dogon da ya taso daga Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Masu sharhi kan ce, "Allah sarki jiya!" Amma kafin a yi begen jiya, a fara tambayar wa ya riƙe kyamarar. Galibi Turawan mulki ne da na kamfani. Bisije, da aka kafa a Manchesta a 1902, auduga yake nemar wa masaƙun Ingila, hoton kuwa shaidar ciniki ne. Shi ya sa dila ta fito sarai, leburan da ya ɗauko ta ba suna. Manomin da ya koro jaki zuwa fuloti, da matar da ke kaɗi da mazari a Ƙofa ko Kankiya, kyamara ba ta waiwaye su ba.

Mai son rubuta tarihin gari da waɗannan hotuna ya kai su gaban tsofaffi tun suna raye, su faɗi wane ne wannan, nawa ake biyansa. In ba haka ba, tarihin kamfani zai rubuta, ya laƙaba masa sunan gari.